Karatu daga nesa: Me ke hana ɗalibin Nijar kai wa ga fayilolin jami'arsa in ya bar harabarta?

A ranar 11 ga watan Agustan 2024, masu kutse sun afka wa na'urorin Jami'ar Paris-Saclay da ke Faransa da irin manhajar nan mai kulle bayanai don neman kuɗin fansa. Makonni kaɗan suka rage a koma karatu. Hanyoyin cikin gida da malamai da ɗalibai ke bi don yin aiki suka tsaya, jami'ar kuma ta koma sanar da mutanenta halin da ake ciki ta wasu kafofi na wucin gadi, aka kuma ɗauki lokaci mai tsawo ana gyara.

Labarin ya faru a ƙasar waje, amma tambayar da ya tayar ta shafi duk ɗalibin Nijar da ke rubuta memwar ko kundin digiri na uku, a Yamai yake ko Maradi, a Rabat ko Istambul. Ina aikinsa yake ajiye? In an rufe jami'a, ko ya koma gida hutu, ko biza ta hana shi komawa, zai iya kai wa gare shi? In kuwa jami'a ta buɗe masa ƙofar shiga daga nesa, wa zai hana ɓarawo bin wannan ƙofa?

Shekaru biyar da suka koya darasi

Tun daga 2020 abubuwa da dama sun nuna cewa zama cikin harabar jami'a ba abu ne da ɗalibi ke da tabbacinsa ba. A watan Maris na wannan shekara gwamnatin Nijar ta rufe makarantu da jami'o'i saboda cutar korona, sai ranar 1 ga watan Yuni aka sake buɗe su. A ranar 15 ga watan Afrilun 2023 yaƙi ya ɓarke a Sudan, dubban ɗaliban ƙasashen Afirka, har da Hausawa masu yawa da ke karatu a Hartum, suka fice cikin gaggawa, jami'o'in birnin kuma suka rufe. Bayan juyin mulkin 26 ga watan Yulin 2023, Faransa ta dakatar da ba da biza a Yamai, kamar yadda ta yi a Bamako da Wagadugu, sannan ta rufe ofishin jakadancinta a farkon watan Janairun 2024. Ɗaliban da jami'o'in Faransa suka riga suka karɓa suka tsinci kansu a gida alhali ana karatu a can.

A kowane ɗaya daga cikin waɗannan lokuta, wanda ya iya shiga rumbun fayilolin jami'arsa daga inda yake ya ci gaba da aiki gwargwadon hali. Wanda bayanansa ke cikin kwamfutar ɗakin bincike kaɗai, ko cikin kabad ɗin malaminsa, sai dai ya jira. Ga mai karatu da tallafin hukumar ANAB ko da guminsa, jiran wata shida na iya zama asarar shekara guda.

Mene ne rumbun fayiloli na haɗin gwiwa?

A jami'o'i da dama na duniya akwai wata babbar kwamfuta da ake kira sabar, wasu na fassara ta da uwar garke. A cikinta ake ware wa kowane ɗalibi da malami wurin ajiyarsa, a kuma ware wa kowane sashe ko tawagar bincike wuri na bai ɗaya. Malami ya sa darasi a ciki, ɗalibansa su gani. Masu bincike biyar su yi aiki kan tarin bayanai guda ba tare da kowa ya riƙe kwafinsa daban ba. Ma'aikatan sashen kwamfuta kuma su riƙa ɗaukar kwafin ajiya a kai a kai, ta yadda fayil ɗin da aka goge bisa kuskure za a iya dawo da shi.

A cikin haraba, wannan rumbu yana bayyana a kwamfutar mutum tamkar wani faifai nata. Ƙa'idar sadarwar da aka fi amfani da ita wajen wannan aiki ita ce SMB, wadda ke bi ta ƙofa mai lamba 445. Mai Windows yana rubuta sunan sabar bayan layuka biyu masu karkata baya, mai Mac kuma ya fara da smb:// kafin sunan.

Da zarar mutum ya fita daga rezon jami'a, wannan adireshi ya daina amsawa. Dalilai biyu ne suka sa. Na farko, sabar na ɗauke da adireshin cikin gida, irin masu farawa da 10 ko 192.168, waɗanda intanet na waje ba ya kai saƙo gare su. Na biyu, katangar tsaro ta jami'a na toshe ƙofa 445 da gangan. Wanda ya tuna da watan Mayun 2017 ya san dalili: manhajar WannaCry ta bi ta wata ɓaraka da ke cikin SMB ta kama kwamfutoci a ƙasashe fiye da 150, har asibitocin gwamnati a Birtaniya suka soke ganin marasa lafiya. Tun daga nan, barin wannan ƙofa a buɗe ga duniya ya zama ganganci a idon duk wani mai kula da na'urori.

Hanyoyi huɗu na shiga daga waje

Hanyar da ta fi yaɗuwa ita ce VPN na jami'a. Ɗalibi ya sa wata manhaja a kwamfutarsa, ya shigar da sunan asusunsa da kalmar sirri, sai a buɗe masa wata kariyayyar hanya tsakaninsa da jami'a. Daga nan kwamfutarsa na zama kamar tana cikin haraba, rumbun kuma ya buɗu. Jami'o'i na amfani da manhajoji irin su Cisco AnyConnect, FortiClient, GlobalProtect, ko OpenVPN da WireGuard waɗanda kyauta ne.

A nan matasa da yawa ke rikicewa. VPN ɗin da ake saukewa kyauta a salula, irin wanda ƴan Najeriya suka runguma lokacin da gwamnatinsu ta toshe Twitter daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022, yana sauya wa mutum ƙasar da ake ganin yana ciki ne kawai. Ba ya kai shi cikin rezon jami'a. Shigar da kalmar sirrin makaranta alhali irin wannan manhaja ta kamfanin da ba a sani ba na kunne ma haɗari ne, don duk zirga-zirgar mutum na bi ta hannunsu.

Hanya ta biyu ita ce ta shafin intanet. Jami'a ta sa fayiloli a wani rumbu da ake buɗewa da burauza, ko dai nata na kanta da manhaja irin Nextcloud, ko na haya irin OneDrive da Google Drive. Wannan ta fi sauƙi ga mai salula. Ta uku ita ce SFTP, mai bi ta ƙofa 22, da manhajoji irin FileZilla ko WinSCP. Ba ta da ƙyale-ƙyale, amma tana iya ci gaba da sauke fayil daga inda ya katse, abin da ke da daraja ƙwarai a inda rezo ke zuwa yana tafiya. Ta huɗu ita ce sarrafa wata kwamfuta da ke cikin jami'a daga nesa: hoton allonta kaɗai ke zuwa wa mutum, bayanan kuma su zauna inda suke. Masu aiki da manyan bayanai ko manhajoji masu tsadar lasisi sun fi son wannan.

Akwai kuma eduroam, tsarin da ya samo asali a Holan a farkon shekarun 2000, wanda yanzu ke aiki a ƙasashe fiye da 100. Yana ba ɗalibi damar hawa wifi na wata jami'a da asusun jami'arsa ta asali. Intanet yake bayarwa. Mai son rumbun fayilolin jami'arsa, galibi sai ya ƙara kunna VPN a kai.

Inda gizo ke saƙar a Nijar

Duk waɗannan hanyoyi na buƙatar sabar da ke kunne dare da rana, layin intanet mai tsayawa, da ma'aikacin da ke lura. A Nijar kowanne daga cikinsu na da tarihinsa.

Kafin rikicin 2023, kusan kashi 70 cikin 100 na wutar lantarkin da Nijar ke amfani da ita daga Najeriya take zuwa. A farkon watan Agustan wannan shekara Najeriya ta katse wutar a ƙarƙashin takunkumin CEDEAO, ba a kuma maido da ita ba sai bayan ɗage takunkumin a ƙarshen Fabrairun 2024. Sabar da wuta ke ɗaukewa a kanta sau da yawa a yini ba ta da amfani ga wanda ke nesa, faifanta kuma na saurin lalacewa. Ga zafin watannin Afrilu da Mayu, lokacin da ma'aunin zafi ke haura digiri 40: ɗakin sabar da babu na'urar sanyaya iska mai aiki ba ya daɗewa. Saboda haka maganar rumbun fayiloli a Yamai ko Damagaram tana farawa ne daga batura, faifan hasken rana da gazuwal ɗin janareta.

Ta fuskar intanet, Nijar ba ta da gaɓar teku, don haka layukanta na bi ta ƙasashen maƙwabta kafin su kai ga wayoyin ƙarƙashin teku. A ranar 14 ga watan Maris na 2024 huɗu daga cikin waɗannan wayoyi, WACS da MainOne da ACE da SAT-3, suka lalace a gaɓar Kodebuwa, intanet ya yi rauni a ƙasashe da dama na yammacin Afirka. Akwai kuma katsewar da hukuma ke yi da kanta, kamar ta kusan kwana 10 da aka yi wa intanet na salula bayan zagaye na biyu na zaɓen shugaban ƙasa a Fabrairun 2021. A irin wannan hali babu VPN ɗin da ke taimako, tunda layin da zai hau ne babu.

Lissafi mai sauƙi na nuna girman matsalar. Fayil mai nauyin gigabait 2, a layin da ke ba da megabit 1 a daƙiƙa, na cin kusan awa huɗu da rabi kafin ya sauka. A layi mai megabit 10, ƙasa da rabin awa ya isa. Ɗalibin da ke sayen forfe na yini a wurin Airtel, Moov ko Zamani zai yi tunani sau biyu kafin ya taɓa irin wannan fayil. Ita kuma SMB an gina ta ne don kwamfutocin da ke gini ɗaya: tana yawan kai da komo da sabar kafin ta buɗe abu ƙarami, shi ya sa takarda mai shafi goma ke iya ɗaukar mintuna in sabar na Turai mutum kuma yana Tawa.

Wannan ne ya sa darussa ke yawo ta rukunonin WhatsApp, da kle ɗin USB da ake miƙawa hannu da hannu, da shagunan fotokopi na bakin jami'a. Hanyoyin na biyan buƙatar yau, sai dai suna da tsadarsu. Kle na ɗaukar ƙwayar cutar kwamfuta daga wannan na'ura zuwa waccan. A WhatsApp ba a sanin wane kwafi ne na ƙarshe. In an sace salula ko kwamfuta a tasha, aikin shekara biyu na iya tafiya da ita.

Buɗe ƙofa na da nasa haɗari

Masu kula da na'urori da ke jan ƙafa wajen ba da damar shiga daga nesa suna da hujja. Abin da ya sami Jami'ar Maastricht ta Holan ya zama darasi da ake koyarwa. A watan Oktoban 2019 aka buɗe wani saƙon imel na yaudara a wata kwamfuta ta jami'ar. Masu kutsen suka kwashe fiye da wata biyu suna yawo cikin rezon ba a sani ba, sannan ranar 23 ga watan Disamba suka kulle sabar 267, har da wasu daga cikin kwafin ajiya. Jami'ar ta biya bitkoyin 30, kimanin yuro 197,000, wato kusan sefa miliyan 129. A watan Yunin 2020 Jami'ar Kaliforniya reshen San Francisco ta biya dala miliyan 1.14 a irin wannan ciniki.

Ita kanta na'urar VPN na iya zama ɓaraka. A farkon 2024 hukumar tsaron intanet ta Amurka, CISA, ta umarci ma'aikatun gwamnatin tarayya da su cire na'urorin VPN na kamfanin Ivanti daga layi saboda wasu kurakurai da masu kutse ke amfani da su. Jami'ar da ta kafa VPN ta bar shi shekara uku babu sabuntawa ta fi wadda ba ta kafa ba shiga haɗari.

Kalmar sirri kaɗai ma ta daina isa, shi ya sa jami'o'i da yawa suka tilasta tantancewa mai mataki biyu. A nan ne ƴan Nijar mazauna waje ke yawan faɗawa tarko. A ɗauki misalin ɗalibar da ke karatu a Faransa, wadda lambar tantancewa ke zuwa mata ta SMS a layinta na can. Ta zo hutu Maradi, layin ya daina karɓar saƙo, ga kuma wa'adin miƙa aiki ya gabato. Asusunta na nan lafiya, kalmar sirrinta daidai, amma ƙofa a rufe. Maganin shi ne a koma ga manhajar tantancewa tun kafin tafiya. Irin wannan manhaja na fitar da sabuwar lamba duk daƙiƙa 30 ko babu rezo, muddin agogon salular na daidai. A kuma rubuta lambobin gaggawa da ake bayarwa a ajiye su a takarda.

A ina za a ajiye bayanan?

Ga jami'o'in gwamnati na ƙasar, daga Abdou Moumouni ta Yamai wadda ta samo asali a 1971, zuwa na Maradi, Tawa da Damagaram da aka kafa a 2010, da na Agadas, Difa, Dosso da Tilaberi da suka biyo baya a 2014, zaɓi biyu ne a gaba.

Na farko shi ne hayar rumbu a wurin manyan kamfanonin Amurka. Wuta ba ta ɗaukewa a can, tsaro kuma na hannun ƙwararru. Sai dai sharuɗɗan na sauyawa ba da shawarar mai haya ba: a 2022 Google ya kawo ƙarshen wurin ajiya mara iyaka da yake ba makarantu, jami'o'i da dama a duniya suka tilasta wa mutanensu rage fayiloli. Ga kuma batun doka. Nijar na da dokar kare bayanan jama'a tun 2017 da hukumar HAPDP mai sa ido a kai, kuma sakamakon jarrabawa ko bayanan marasa lafiya da ɗaliban likitanci ke tattarawa na cikin abubuwan da wannan doka ta shafa. Sannan duk fayil ɗin da ke waje, ko da malami da ɗalibinsa na unguwa ɗaya a Yamai, sai ya ratsa iyaka ya dawo, ranar da wayar teku ta tsinke kuma shi ke nan.

Na biyu shi ne ajiyewa a gida, wanda ya dace da maganar diyaucin ƙasa da hukumomi ke yawan yi. Fayil ɗin da ke Yamai na iya isa Damagaram ta layin cikin gida ko da an katse da waje. Amma wannan na bukatar kasafi na kowace shekara da albashin da zai riƙe injiniyoyi, ba sayen na'ura sau ɗaya a yanke kyalle ba. Sabar gida da babu kwafin ajiya a wani gari daban na iya ƙonewa da duk abin da ke cikinta a dare guda.

Tubalan da za a yi ginin da su suna nan. Akwai NigerREN, rezon bincike da ilimi na ƙasa, mamba a ƙungiyar WACREN ta yammaci da tsakiyar Afirka mai mazauni a Akra. Manufar irin waɗannan rezo ita ce jami'o'i su haɗa kai su sayi layi da araha su kuma yi tarayya a kayan aiki, kamar yadda RENATER ke yi a Faransa tun 1993. Akwai aikin shimfiɗa wayar fiba ta ratsa Sahara da Bankin Raya Afirka ke tallafawa, mai haɗa Nijar da Aljeriya, Najeriya da Cadi, wanda ya ƙunshi gina cibiyar ajiyar bayanai ta ƙasa. Starlink ma ya sami izinin aiki a Nijar, abin da ke ba jami'ar da ke nesa da fiba layi na biyu in na farko ya faɗi. Wasu ƙasashen yankin sun riga sun gwada: Senegal ta kafa jami'arta ta intanet a 2013, Kodebuwa a 2015. Maimakon kowace jami'a ta sayi ƴar sabarta ta bar ta a ɗaki mai zafi, rumbu ɗaya mai kwafi a gari biyu, da asusu guda ga kowane ɗalibi, zai fi araha ya kuma fi tsaro. Asusun jami'a na kuma sauƙaƙa amfani da Research4Life, shirin da ke ba cibiyoyin ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi, har da Nijar, damar karanta dubban mujallun kimiyya kyauta.

Abin da ke hannun ɗalibi

Kafin hukumomi su kammala nasu, akwai matakan da ba sa buƙatar kasafi. Mai shirin barin haraba ya sa manhajar VPN ya gwada ta da layin salularsa tun yana kusa da ma'aikatan da za su taimaka masa. Ya rubuta cikakken adireshin rumbun da yake amfani da shi. In yana aiki daga nesa, ya kwafo fayil zuwa kwamfutarsa, ya yi aikinsa, sannan ya mayar, don buɗe shi kai tsaye a layi mai katsewa na iya lalata shi. Ya kashe VPN in ya gama, domin a wasu jami'o'i duk abin da ya buɗe yayin da yake kunne, har bidiyo, ta rezon makaranta yake bi. Kada ya shigar da kalmar sirrinsa a kwamfutar sibar kafe, kada kuma ya ara wa aboki asusunsa, don duk ɓarnar da aka yi da shi sunansa za ta ɗauka, kuma tun 2019 Nijar na da dokar hukunta laifukan intanet.

Ƙa'idar da masana ke kira 3-2-1 ta dace da kowa: kwafi uku na aiki mai muhimmanci, a kan na'urori iri biyu, ɗaya daga ciki a wani wuri daban. Masu karatu a waje su ƙara da wannan: jami'o'i na rufe asusun ɗalibi bayan ya kammala, abin da ke ciki kuma a goge. Wanda ya kare memwar ɗinsa ya tambayi sashen kwamfuta ranar da za a rufe asusunsa, ya kwashe bayanan bincikensa da aka halatta masa ɗauka da takardunsa kafin ya hau jirgin dawowa Yamai.